Darasin Juma'a: Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Gem Ɗin Da 'Ya'yanmu Ke Bugawa?



Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

'Yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan wasannin waya da na kwamfuta ne, waɗanda yara ke kira gem. Mu 'yan kasuwa mun san darajar awo. Babu wanda zai sayi buhun wake a Mile 12 ko Bodija bai zura hannu ya duba ko akwai ƙwari ba. Babu ɗan canjin da zai karɓi dala bai ɗaga ta sama ya duba ba. Amma da yawanmu mukan saya wa yaro waya, mu zuba masa data, mu fita tun asuba sai bayan isha'i, ba mu taɓa tambayar me ke cikinta ba. Wani ma iyalinsa suna can Arewa, aika wayar kawai ya yi a mota. Ga shi rubutun cikin gem duk Turanci ne, yaran da suka tashi a nan Kudu kuwa sun fi mu jinsa.

Allah Maɗaukakin Sarki, a Suratut Tahrim aya ta 6, ya umarci muminai su tsare kansu da iyalansu daga wuta. A hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an nuna za a tambayi magidanci game da iyalinsa, a tambayi mace game da gidan mijinta da 'ya'yansa. Wayar da ke hannun yaronka tana cikin wannan tambaya.

Asalin hukuncin wasa

Mu fara da gyara wata fahimta. Musulunci bai hana wasa ba. Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa, ya bar su, har ya tsaya Nana A'isha tana kallo. Ita ma tana da 'yar tsana, har da wani doki mai fukafukai, da ya gani dariya ya yi. Ƙa'idar malamai ita ce, duk abin da ba ibada ba asalinsa halal ne, har sai dalili ya zo ya hana.

Amma malamanmu ba su bar wasa sakaka ba. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim da tsoratarwa mai tsanani a kan nardu, wato wasan da ake jefa ɗan ludo. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda da yawanmu muka karanta a zaure, ya hana nardu da shaɗaranji. Imam Shafi'i kuma ya sassauta a kan shaɗaranji, ya ce makaruhi ne. Ka ga ke nan tun da can malamai suna ɗaukar wasa ɗaya bayan ɗaya su auna shi. Abin da za mu yi wa gem ke nan.

Lambar da ke jikin gem, wa ya sa ta?

Idan ka shiga Play Store za ka sauke gem, za ka ga an rubuta 3+ ko 7+ ko 12+ ko 16+ ko 18+. A jikin kwalin gem na PlayStation ma akwai irinta. Wannan lamba tana da tarihi.

A 1993 majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kan zubar da jinin da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat. Shekara ɗaya bayan nan, a 1994, kamfanonin gem suka kafa hukumar ESRB don ta riƙa sa wa kowane gem alamar shekarun da ya dace da su. Harafin E na kowa da kowa ne, T na 'yan shekara 13 zuwa sama, M na 'yan 17 zuwa sama. Turai ta kafa tata mai suna PEGI a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Ita tana ƙara 'yan hotuna waɗanda ko wanda bai iya Turanci ba zai gane. Dunƙulallen hannu yana nufin faɗa, gizo-gizo ban tsoro, sirinji ƙwaya, 'ya'yan ludo caca, alamar namiji da mace batsa, hannu riƙe da katin banki kuma yana nufin akwai saye-saye a ciki.

Lambar da muke gani a wayoyinmu a Najeriya kuwa daga wani tsari mai suna IARC take, wanda aka kafa a 2013. Mai gem ɗin ne da kansa yake cike takardar tambayoyi, na'ura ta fitar da lamba.

Wannan lamba tana da amfani, kada a raina ta. Duk gem ɗin da masu shi suka ce na 'yan 18 ne, ba ya buƙatar fatawa kafin ka raba shi da ɗan shekara 9. Amma tambayar da take amsawa ita ce: shekara nawa ya kamata mutum ya kai kafin ya ga wannan? Mu kuwa tambayarmu ita ce: wannan ya halatta? Saboda haka lambar takan saɓa da mu ta fuska biyu.

Ta farko, 18+ ba ta halatta komai. A wajensu, tsiraici da caca da giya abubuwa ne da ake jira yaro ya girma ya yi. A wajenmu, balaga ce lokacin da alƙalami ke fara rubutu a kan mutum, abin da aka hana ya ƙara nauyi ke nan. Ta biyu, 3+ ba ta wanke gem. Wasan ƙwallon nan na FIFA, wanda tun 2023 ake kira EA Sports FC, an daɗe ana sa masa lambar 3 a Turai, alhali a cikinsa ana sayar da fakitin 'yan wasa da ba ka san wa zai fito ba sai ka biya ka buɗe. Kuma babu ɗaya daga cikin hukumomin nan da ke tambayar ko gem yana taɓa aƙida ko yana cin lokacin salla.

Abin da ƙasashen Musulmi suka yi

Wannan giɓi ne ya sa wasu ƙasashen Musulmi suka kafa nasu ma'aunin. Iran ta kafa ESRA a 2007, kuma a 2010 aka gabatar da tsarin a wani baje kolin gem a Dubai a matsayin awon da aka gina a kan tarbiyyar Musulunci. Saudiyya ta fara sa nata lambobin a 2016, kuma takan hana wasu wasanni shiga ƙasar, ko a cire wasu sassa kafin a sayar. Indunusiya ma ta fito da nata a 2016. A lardin Aceh na ƙasar, majalisar malamai ta ba da fatawar haramta PUBG a watan Yunin 2019.

Akwai kuma lokutan da Musulmi suka yi magana kamfanoni suka gyara. A 2008 Sony ta jinkirta fitar da LittleBigPlanet saboda an samu lafuzzan Alƙur'ani a cikin wata waƙar da ke ciki. A 2020 PUBG Mobile ta shigo da wani salo inda ɗan wasa ke rusuna wa gunki don ya samu lafiya da kayan yaƙi, da aka yi ca a kansu suka cire, suka ba da haƙuri. A 2021 an ga shafukan Alƙur'ani watse a ƙasa a cikin Call of Duty: Vanguard, su ma suka cire, suka nemi afuwa. Duka ukun nan suna ɗauke da lambar shekaru a jikinsu, amma ba ita ta gano matsalar ba, Musulmin da suka lura ne.

To, lambar Saudiyya ko ta Indunusiya ba ta fitowa a wayar ɗanka a Agege ko Sabo ko Fatakwal. Nan hukumar tantancewa kai ne da uwar gidanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tambayoyi shida

Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haramta giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a. Aya ta 91 kuma ta bayyana abin da Shaiɗan ke nema da giya da caca: jefa ƙiyayya tsakanin mutane, da kange su daga ambaton Allah da salla. Wanda ya riƙe ayoyin nan biyu ya riƙe rabin darasinmu. Ga tambayoyin da za ka yi wa kowane gem. Huɗu na farko a kan abin da ke cikinsa ne, biyu na ƙarshe a kan abin da yake yi wa mai bugawa.

1. Yana taɓa aƙida? Akwai rusuna wa gunki, ko neman taimakon wani abin bauta, ko wulaƙanta Alƙur'ani da masallaci da Annabawa? Suratun Nisa'i aya ta 140 ta hana zama inda ake izgili da ayoyin Allah. Kada a ce ai wasa ne. Yaron da ya danna madanni sau ɗari yana roƙon gunki, girman abin yana raguwa a zuciyarsa.

2. Akwai caca? Caca ita ce ka sa kuɗinka, sa'a ce za ta yanke ko ka samu ko ka rasa. Ƙwallon kwamfuta da ake sa wa kuɗi a shagunan caca, da wasan jirgin nan da ke tashi kana jiran ka cire kuɗinka kafin ya ɓace, caca ce tsagwaronta, ko da an kira ta gem. Sai akwatin sa'a, inda yaro ke sayen daimon ko koyin da kuɗin gaske, ya juya ko ya buɗe, bai san me zai fito ba. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma Shari'a ta hana cinikin garari. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin FIFA a ƙasar a farkon 2019. Sai kuma wadda ta fi kusa da mu: a gidan gem samari kan ce wanda aka ci shi zai biya. Malamai da yawa na wannan zamani sun sa wannan a caca, domin kowa ya zauna ne bai san ko zai biya ko zai tashi a ɓagas ba. Gyaransa mai sauƙi ne. Kowa ya biya nasa, ko ɗaya ya ɗauki nauyi tun farko, a ci shi ko ya ci.

3. Akwai tsiraici da batsa? Umarnin runtse ido da ke Suratun Nur aya ta 30 da 31 bai tsaya a bakin titi ba, ya shiga har fuskar waya. A nan a lura da tallace-tallace. Gem na kyauta da talla yake cin abinci, sau da yawa gem ɗin lafiya lau, tallan da ke faɗowa ne na caca ko na mata tsirara.

4. A kan me yake ba da lada? Kisan cikin gem ba kisan gaske ba ne, babu diyya babu ƙisasi. Amma akwai bambanci tsakanin wasan dabarun yaƙi da wanda ke biyan yaro don ya ƙwace motar mutane, ya take mai tafiya a ƙasa, ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba. Duba ka ga wane hali ne gem ɗin ke tafa wa.

5. Da wa yake haɗa shi? Free Fire, PUBG, Call of Duty da Roblox duk ana hira a cikinsu da mutanen da ba a sani ba. Idan ka ga yaro da abin kunne yana magana shi kaɗai, ba shi kaɗai ba ne. Ba za ka bar baƙo ya shiga ɗakin 'yarka da tsakar dare ba, to ta nan yana iya shiga. A nan ake koyon ashar, a nan ake neman hoto da lambar waya.

6. Me yake cinyewa? Salla, barci, hadda, makaranta, aiken iyaye, kuɗi. Suratul Ma'un ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu sakaci da sallarsu, Suratul Isra'i aya ta 26 da 27 ta hana almubazzaranci. Wasannin harbi na intanet ba a tsayar da su, idan ka fita an cinye ka, kuma abokanka za su zage ka. Shi ya sa za ka ji ana tada iƙama yaro yana cewa saura kaɗan. Likitoci ma sun san da wannan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, har abin ya kai kamar wata 12. Ƙasar Sin, inda kamfanin da ya yi PUBG Mobile yake, tun 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 gem na intanet zuwa awa 1 a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Hukunci uku: a bari, a gyara, a goge

Bayan tambayoyin, kowane gem zai faɗa ɗaya daga cikin uku.

A bari. Wanda ya tsallake duka shida: wasannin haɗa kalmomi, lissafi, gine-gine, tseren mota, koyon haruffan Larabci. Wannan halal ne, iyakarsa a sa masa lokaci. Idan yana aiki ba tare da intanet ba, a kashe data kafin a miƙa wa yaro, yawancin tallan ba zai fito ba.

A gyara. Wanda asalinsa babu laifi amma akwai datti a gefe. Ƙwallo irin su FC da eFootball a nan suke: a rufe saye-saye, a daina wanda aka ci ya biya. Kiɗan da ke ciki kuma ana iya kashe shi a wajen saiti, an fita daga saɓanin malamai. Wasannin harbi ba na ƙananan yara ba ne sam. Ga baligi kuma, ko da ya bi malaman da suka sassauta, sai da rufe hira da baƙi, da barin akwatin sa'a, da ajiye waya da zarar an kira salla. Wanda ya gwada ya kasa, nasa ya koma gida na uku. Roblox ba gem ɗaya ba ne, kasuwa ce mai ɗauke da miliyoyin wasannin da mutane daban-daban suka ƙirƙira, saboda haka sai an duba wanda yaron ke shiga.

A goge. Duk wanda ginshiƙinsa haramun ne, wanda in ka cire haramun ɗin babu abin da ya saura. Cacar kuɗi kowace iri. Wasannin batsa. Wanda ba a ci gaba a cikinsa sai da bautar wanin Allah. GTA ma a nan yake, domin sata da kisa ne tushensa, har gidan rawar tsiraici akwai a ciki, masu shi ma 18 suka sa masa a Turai.

Sai ludo, wanda ya cika wayoyinmu, manya da yara. Da kuɗi, babu saɓani haramun ne. Ba tare da kuɗi ba, malamai da yawa sun ba shi hukuncin nardu saboda ɗan ludon da ake jefawa. Wanda ya bar shi ya kuɓutar da addininsa daga shubuha, ga dara nan tamu ta gado, wadda tunani ne ke cinta.

A lura, hukuncin yana iya bambanta tsakanin yara biyu 'yan ɗaki ɗaya. Wannan yana buga ƙwallo rabin awa ya ajiye ya tafi Islamiyya. Wancan shi da ita har asuba, safiya ta yi yana gyangyaɗi a aji. Gem ɗaya ne, amma na farko a bari, na biyu a gyara ko a goge. Wannan ne babu wata hukuma a duniya da za ta iya auna maka.

Shekarun yaro

Mu ma muna da namu matakan shekaru. Hadisin Abu Dawuda ya koyar da a umarci yaro da salla yana da shekara 7, a tsananta a 10, a kuma raba musu wurin kwana. A ɗora a kan wannan. Ƙasa da 7, kada ya mallaki waya, ya yi ɗan wasansa a ta mahaifiyarsa, a gabanta. Daga 7 zuwa 10, a ɗaure gem da salla da karatu, sai an idar a taɓa waya. Daga 10 zuwa balaga, tunda an raba shimfiɗa don tsare kunya, waya ma kada ta kwana a ɗakinsa. Bayan balaga, a koya masa tambayoyin nan shida ya riƙa yi wa kansa, domin gobe zai tafi inda idonka ba ya kaiwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aikin wannan mako

Kafin wata Juma'ar, kowane magidanci ya samu rabin awa ya zauna da ɗansa ko 'yarsa, ya ce nuna mini abin da kake bugawa. Ba da bulala ba, ba da tsawa ba. In ka fasa wayar, gobe zai ari ta abokinsa, kuma ya koyi ɓoye maka. Ka bar shi ya buga kana kallo. Ka tambaye shi da wa yake magana, me ake saye a ciki, ina ya samu kuɗin. Ku yanke hukuncin tare, ka faɗa masa dalili. Wanda iyalinsa ke gida Arewa ya kira uwar yaran ko wani babban wansu ya karanta musu tambayoyin.

Kada yaro ya san lambar sirrin katinka ko ta manhajar bankinka. A Play Store akwai wajen da ake kulle gem bisa shekaru, akwai kuma manhajar Google mai suna Family Link, kyauta ce, tana ƙayyade lokaci kuma ba a sauke komai sai da izininka. Wanda bai iya ba ya nemi ɗaya daga cikin samarinmu masu gyaran waya bayan salla. Iyayenmu mata, ku ne kuke yini da yaran, kada waya ta zama abin rufe bakin mai kuka. Kuma duk abin da aka goge a sa wani a gurbinsa: ƙwallo a fili, keke, langa, zuwa shago ranar Asabar ya koyi ciniki.

Mu manya kuma mu duba tamu wayar. Yaron shago da ke buga gem mai saye na tsaye yana jira, ya ci amanar uban gidansa. Uban da ke ludo har ana tada iƙama ba shi da bakin hana ɗansa Free Fire, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suratul Jumu'a aya ta 9 ta ce a bar ciniki idan an yi kiran sallar Juma'a. Ciniki ke nan, wanda halal ne, da shi muke ci da iyalanmu, shi ya kawo mu garin nan. Ina ga wasa?

Wanda ke da tambaya a kan wani gem na musamman ya rubuto sunansa, ko ya zo da wayar wajen karatun bayan magariba a duba tare.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su zama masu tsai da salla, ya tsare su daga sharrin abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Amin. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.